Kuka a Baki, Rawa a Ƙafa: Labarin Kiɗan Salsa

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Garwa ko Marwa ko nan Yagwa cikin shekarun 1970 da 1980, ko da bai taɓa leƙa ƙofar gidan rawa ba, kunnensa ya san wani irin kiɗa mai ƙahoni da ganguna da fiyano, wanda ake rerawa da wani harshe da ba Faransanci ba, ba kuma Ingilishi ba. Masu Faransanci suna ce masa afro-cubain, wasu su ce pachanga, daga baya aka haɗa shi da 'yan'uwansa aka sa musu suna guda, watau salsa. A rediyo muka ji shi, da shagunan masu gyaran rikoda, da motocin fasinja, da bukukuwan ma'aikata. Galibinmu mun ɗauke shi kiɗan murna ne zalla, na mutanen da ba su da wata damuwa a duniya.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani abu da ya faru a gabana a shagon wani dattijon tela a kasuwar Yagwa. Wannan bawan Allah yana da wata tsohuwar rikoda da kwalin kaset-kaset da ya tara tun yana saurayi, kuma akwai wata waƙa ɗaya da ba ya gajiya da ita. In ta zo sai ka ga ƙafarsa a kan keken ɗinki tana bin kiɗan. Ran nan jikanyarsa ta biyo ta shagon daga makaranta. Kamar yadda iyaye suka sani, a makarantunmu na lise yaro yakan zaɓi wani harshe na waje bayan Ingilishi, to ita Sifaniyanci ta zaɓa. Ta tsaya ta kasa kunne, sa'an nan ta ce, "Kaka, ka kuwa san abin da mutumin nan ke faɗi?" Ya ce, "Ina zan sani, amarya? Murna dai yake yi." Ta ce masa ai ba murna ba ce, mutum ne da soyayya ta ɓaci tsakaninsa da wata, yana gaya mata cewa ƙaunarta ta zama kamar jaridar jiya, wadda ba mai sauran neman karantawa. Tsoho ya ɗage ƙafa daga keke, ya yi shiru, can ya ce, "Ashe shekara arba'in ina rawa da kukan wani."

Waƙar nan sunanta Periódico de Ayer, watau jaridar jiya. Héctor Lavoe ne ya rera ta cikin 1976, wanda ya rubuta ta kuwa Tite Curet Alonso ne, mutumin Puerto Rico, wanda ya shafe shekaru fiye da 30 yana aikin gidan waya yana rubuta waƙoƙi a gefe. Mu da muka san inda jaridar jiya ke ƙarewa, wajen mai ƙosai da mai tsire, ba sai an yi mana dogon bayanin zafin wannan kwatanci ba.

Yadda kiɗan ya iso mu

Kafin mu shiga zancen kukan, ya kamata mai karatu ya san cewa wannan kiɗa ba baƙo ba ne ƙwarai, ɗan gida ne da ya yi doguwar tafiya ya dawo da wani harshe. Tsibirin Kyuba bai soke bauta ba sai cikin 1886, kuma bayin da aka kai can don noman rake an kwaso su ne daga ƙasar Yarbawa, da yankin Kongo, da gaɓar Kalaba. Har yau akwai wata ƙungiyar asiri ta maza a Kyuba mai suna Abakuá, wadda aka kafa a kusa da birnin Havana cikin 1836, tushenta kuwa ƙungiyar Ekpe ce ta mutanen kogin Kuros, waɗanda ke zaune a Nijeriya da kudu maso yammacin Kamaru. Gangunan waɗannan bayi ne suka haɗu da garayar Sifaniyawa da salon waƙarsu aka sami kiɗan da ake kira son, wanda shi ne uban salsa.

Dawowarsa Afirka kuwa ta hanyar faifan garmaho ce. Cikin 1933 kamfanin HMV na Ingila ya fara buga wasu fayafayai masu lamba GV domin sayarwa a Afirka, yawancinsu kiɗan Kyuba. Na farkonsu, GV 1, waƙa ce mai suna El Manisero, wadda aka ɗauka a Niyok cikin 1930, kuma ba komai ba ce illa kiran mai tallar gyaɗa. Ka ji fa, tallar gyaɗa ce ta buɗe wa wannan kiɗa ƙofar Afirka. Mawaƙan Kinshasa da Barazabil suka rungume shi, har suna kwaikwayon Sifaniyanci ba tare da sun san ma'anarsa ba, kafin su juya shi zuwa Lingala ya zama rumbar Kongo ta su Kabasele da Franco da Tabu Ley. Maƙwabtanmu na tsallaken Logon ma ba a bar su a baya ba, domin ƙungiyar Chari Jazz ta Cadi wannan salo ta bi tun shekarun 1960. A Mali kuwa gwamnatin Modibo Keita ce da kanta ta aika samari goma Havana cikin 1964 su koyo kiɗa, suka kafa ƙungiyar Maravillas de Mali.

Sunan salsa a Niyok ya yi ƙarfi. Baƙi ne suka yi shi, 'yan ci-rani daga Puerto Rico da Kyuba da Dominika, mazauna unguwannin talakawa, masu aikin masana'anta da wanke-wanke a otal, waɗanda harshensu daban, addu'arsu daban, abincinsu daban da na masu gari. Cikin 1964 wani mai busa sarewa, Johnny Pacheco, da wani lauya, Jerry Masucci, suka kafa kamfanin Fania, da farko ma a bayan mota suke yawo da fayafayan suna sayarwa. Shekara goma ba ta cika ba sai da taurarin kamfanin, Fania All-Stars, suka cika filin wasan Yankee cikin 1973. A wannan shekara ɗan ƙasarmu Manu Dibango, wanda waƙarsa Soul Makossa ta 1972 ke tashe a Amurka, ya hau dandamali tare da su, kuma an sa wannan waƙa tasa a faifansu mai suna Latin-Soul-Rock. Cikin Satumba 1974 suka zo Kinshasa, su Celia Cruz da Pacheco da Lavoe, domin bikin kiɗan da aka shirya gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman. Shi Dibango bai rabu da wannan zumunci ba, don cikin 1998 ya yi faifan CubAfrica tare da ƙungiyar Cuarteto Patria ta Kyuba. Ya rasu a Faransa ranar 24 ga Maris 2020.

Mai waƙa da 'yan amshi

To yanzu ga tambayar da tsohon tela ya bar ni da ita. Yaya za a yi mutum ya riƙa kuka da baki alhali kuwa kiɗan da ke bayansa na tashi-ka-taka ne? Amsar tana cikin yadda aka gina waƙar, kuma Bahaushe ya fi kowa saurin gane ta.

Waƙar salsa hawa biyu ce. A hawa na farko mawaƙi shi kaɗai ne. Yana ba da labari a tsare, baiti bayan baiti: yadda aka haɗu, alkawarin da aka yi, ranar da aka wayi gari ɗaki ba kowa. A nan ƙahoni sukan yi ƙasa-ƙasa, ana barin maganar ta fito. Sa'an nan sai a kai wata gaɓa inda mai fiyano zai kama wani ɗan gajeren zagaye yana maimaitawa, mai ƙararrawa ya shigo, ganguna su ƙara zafi. Wannan hawa na biyu shi ake kira montuno. A nan ne 'yan amshi ke ɗaukar jimla guda daga cikin kukan mawaƙin su riƙa mayar masa, shi kuma yana jefa magana nan take daga kansa, su amsa, ya jefa, su amsa. Wanda ya taɓa zama gaban marigayi Mamman Shata da 'yan amshinsa da masu kalangu ya san wannan tsari sarai. Ƙarƙashin duka kuwa akwai wasu 'yan sanduna biyu da ake kira clave, bugu biyar ne kacal, uku sa'an nan biyu, ko biyu sa'an nan uku, ba sa canzawa daga farkon waƙa har ƙarshenta, ko mawaƙi na dariya ko yana hawaye.

Abin lura shi ne, a hawa na biyu ba a canza labarin ba. Wadda ta tafi ba ta dawo ba, ba wanda ya zo ya ce wa mawaƙi ya kwantar da hankalinsa gobe za ta yi kyau. Abin da ya canza kawai shi ne maganar da ya faɗa shi kaɗai yanzu baki goma ke faɗinta tare da shi, jama'ar fili kuma suna tayawa. Ciwon da aka faɗa sau hamsin a bainar jama'a, ana kiɗa, ba ya zama daidai da wanda aka kwana da shi a ɗaki. A ganina nan ne juriyar wannan kiɗa take, ta fi zama a cikin ginin waƙar fiye da cikin kalmominta.

Tsohon misali shi ne Lágrimas Negras, watau baƙaƙen hawaye, wadda Miguel Matamoros na birnin Santiago a Kyuba ya tsara wajen 1930. Rabin farko a hankali take tafiya, kukan wanda aka guje wa ne, wanda duk da haka ya ƙi yin Allah-ya-isa. Rabi na biyu sai ta rikiɗe ta zama kiɗan rawa. Kusan shekara ɗari ke nan ana rera ta, daga Havana har Dakar da Kwatano, kuma har yanzu da ta kai wannan gaɓa sai ka ga mutane sun miƙe.

Mata ma sun yi magana

Ba a bar wa maza filin su kaɗai ba, ko da yake gaskiya su suka fi yawa a ciki, kuma da yawa daga waƙoƙinsu ɗora wa mace laifi ne kawai, ita ce maciya amana, ita ce mai son kuɗi, kamar dai yadda ake yi a majalisun ƙofar gida a nan. Cikin 1968 wata mawaƙiya 'yar Kyuba da ake kira La Lupe ta rera La Tirana, watau azzaluma, wadda shi dai Curet Alonso ya rubuta. Mace ce da miji ya bi gari yana ɓata mata suna bayan rabuwa, ita kuma ta tsaya ta ce ta ji, ta karɓi sunan, amma rabuwar nan riba ce gare ta. Duk bazawarar da ta taɓa jin ana ba da labarin mutuwar aurenta a gidan biki, a bakin waɗanda ba su kwana ɗakin ba, ta san wannan wuri. Mu ma muna da irin wannan murya a kiɗan amada, inda marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu cikin 2013, ta yi shekaru tana gaya wa mata su kama sana'a kada su zauna jiran hannun kowa, ana kiɗan ƙwarya ana shewa.

Ita kuwa Celia Cruz ciwonta ba na namiji ba ne, aurenta ya zauna lafiya fiye da shekara 40. Ciwonta na ƙasa ne. Ta bar Kyuba cikin 1960, bayan juyin juya halin Fidel Castro, ba a sake barinta ta koma ba. Mahaifiyarta ta rasu cikin 1962, aka hana ta zuwa jana'iza. Cikin 1990 ta je sansanin sojan Amurka na Guantánamo, wanda ke kan tsibirin, ta ɗebi ƙasa a wajen shingen ta ƙulle ta tafi da ita, kuma da ta rasu cikin Yuli 2003 da wannan ƙasa aka binne ta. Wannan mata ce fa ta rera La Vida Es un Carnaval cikin 1998, tana da shekara fiye da 70, waƙar da ke cewa rayuwa biki ce, a daina kuka. Da wata yarinya ce da ba ta san komai ba ta faɗi haka, da sai mu ce ƙuruciya. Daga bakin wadda ba ta ga kabarin uwarta ba, maganar tana da wani nauyi dabam. Mu da kakanninmu suka baro Kano da Katsina da Gobir da fatauci ko almajiranci suka zauna bakin Binuwai da Logon, akwai tsofaffinmu da suka mutu da begen garin da ba su sake gani ba.

Akwai kuma inda ciwon zuciya da na tarihi suka haɗu a waƙa guda. Joe Arroyo, baƙar fata daga Cartagena ta ƙasar Kolombiya, ya yi Rebelión cikin 1986, labarin wani bawa ne a ƙarni na 17 wanda ya jure komai har ranar da ubangijinsa ya ɗaga hannu ya doki matarsa. Samarinmu da yawa sun taka rawa da ita ba su san labarin kakanninsu ake bayarwa ba.

Wanda kiɗan bai cece shi ba

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa ganga magani ce. Shi kansa Héctor Lavoe, mai jaridar jiya, ya isa hujja. An haife shi a garin Ponce cikin 1946, mahaifiyarsa ta rasu yana ƙaramin yaro, ya tafi Niyok cikin 1963 ba da son mahaifinsa ba. Murya Allah ya ba shi, ga barkwanci, ga iya jefa magana a montuno wadda har yau ba a sami kamarsa ba. Amma tun da wuri ya faɗa shan miyagun ƙwayoyi, har abokin aikinsa Willie Colón ya gaji da saɓa alkawarinsa suka raba ƙungiya. Cikin 1978 Rubén Blades ya ba shi waƙar El Cantante, watau mawaƙi, wadda ke bayanin mutumin da ake biya ya faranta wa jama'a rai, ba mai tambayarsa abin da ke cin nasa ran. Ta zama tambarinsa, mutane suna tafi suna ihu, shi kuwa gaskiyarsa yake faɗi.

Cikin 1987 gidansa ya ƙone, aka kashe surukarsa, sa'an nan ɗansa saurayi ya mutu ta harbin bindiga bisa kuskure. Cikin Yuni 1988 ya faɗo daga hawa na tara na wani otal a Puerto Rico, da niyyar halaka kansa. Bai mutu ba, amma bai sake zama mutum sosai ba. Duk da haka masu shirya wasa suka ci gaba da fito da shi gaban jama'a yana da ƙyar yake tsayawa, domin sunansa na kawo kuɗi. Ya rasu ranar 29 ga Yuni 1993 yana da shekara 46, cutar ƙanjamau ta gama da shi. 'Yan amshi dubu sun amsa masa a fili, amma da aka kashe fitilu ba a sami isassun masu zama da shi ba. La Lupe ma cikin talauci ta rasu a Niyok, cikin 1992.

Mu da haƙurinmu

An tashe mu a kan haƙuri da kunya. Maƙwabtanmu Fulani suna da munyal da semteende, abin duk ɗaya ne. Namiji ba ya cewa mace ta karya masa zuciya, sai dai a ga ya rame, ko ya tattara ya tafi Duwala ko Kuseri da sunan neman kuɗi. Mace in aka sake ta, abin da za ta ji daga uwa da inna da maƙwabta kalma ɗaya ce, ki yi haƙuri. Ban raina wannan tarbiyya ba, ita ta riƙe gidaje da yawa lokacin da aka zabge albashin ma'aikata har sau biyu cikin 1993, aka kuma karya darajar sefa da rabi cikin Janairu 1994, shekarun da aure da yawa suka girgiza saboda tukunya ta ƙi tafasa. Sai dai sau da yawa muna haɗa haƙuri da shiru kamar abu ɗaya ne, har mai ciwo ya rasa inda zai faɗi ciwonsa ba tare da an ce ya yi abin kunya ba. Ina jin shi ya sa muka kama finafinan Indiya da hannu biyu, da littattafan soyayya na Kano da suka cika kasuwa tun ƙarshen shekarun 1980: wani ne ke faɗa mana abin da bakinmu ya yi nauyin faɗi.

Na san cikin masu karatu akwai waɗanda ba su yarda da kiɗa da rawa ba sam, musamman irin wannan da namiji ke riƙe mace, kuma yawancin wuraren da ake kaɗa shi ba wuraren da mutumin kirki zai so a gan shi ba ne. Ba gardama nake da su ba, ba kuma gayyatar kowa gidan rawa nake ba. Amshi dai ba sai da ganga ake yinsa ba, 'yar'uwa da ta zauna ta saurari bazawara har ta gama ba ta katse ta da wa'azi ba, ai amshi ta yi.

A lokacin da sefa ke faɗuwa ɗin nan ne kuwa salsa ta sake dawowa gida karo na biyu. Ibrahima Sylla na Senegal da Boncana Maïga na Mali, ɗaya daga cikin samarin nan da aka aika Havana, suka ɗauki mawaƙan Dakar, su Pape Seck da Medoune Diallo da Nicolas Menheim, suka kai su Niyok suka haɗa su da makaɗan can. Aka sa wa ƙungiyar suna Africando, faifanta na farko ya fito cikin 1993, ana rera salsa da harshen Wolof. Pape Seck bai daɗe ba ya rasu cikin 1995, Gnonnas Pedro na Benin ya shigo, shi ma ya rasu cikin 2004, ƙungiyar ta ci gaba da ɗauko sababbin muryoyi.

Kwalin kaset ɗin tsohon tela bai tsira daga ambaliyar 2024 ba, wadda ta cinye unguwanni a Yagwa ta kuma karya gadar cikin gari. Da ruwa ya janye ya shanya su a rana, amma zaren duk ya manne. Jikanyar tasa ce ta nemo masa waƙoƙin ta zuba masa a katin waya, ta kuma rubuta masa ma'anar guda shida da Hausa a bayan wata takardar awo. Da na koma shagon na tarar da takardar a maƙale jikin bango kusa da almakashi. Na ce, "Baba, yanzu da ka san abin da yake faɗi, ka daina sa ta ke nan?" Ya ce a'a, yana sa ta, sai dai yanzu ba ya taka keke a rabin farko, yakan bari mutumin ya gama maganarsa tukuna.